Gunduma Ɗaya, Makarantu Daban-Daban: Yadda Ake Karanta Alƙaluman Manyan Sakandaren Gwamnati A Amurka

A Amurka makarantun gwamnati ba a hannun gwamnatin tarayya suke ba. Ilimi aikin jiha ne, jihar kuma ta miƙa gudanarwarsa ga gundumomin makarantu, waɗanda yawansu ya kai kimanin dubu 13. Kowace gunduma tana da hukumarta, galibi mazauna yankin ne ke zaɓen mambobinta, tana da shugaban da hukumar ta ɗauka aiki, tana da kasafin kuɗinta. Wata gundumar babbar sakandare ɗaya tal gare ta, ta birnin New York tana da ɗaruruwa, jihar Hawaii kuwa ɗungurungum ɗinta gunduma guda ce. Babbar sakandare a nan tana nufin aji 9 zuwa aji 12, wato yara daga shekara 14 zuwa 18.

Duk shekara gunduma takan fitar da alƙaluma iri uku: yadda ɗalibai suka yi a karatu, su wane ne ɗaliban, da nawa aka kashe a kansu. Yawancin masu dubawa sukan tsaya a kan matsakaicin gunduma baki ɗaya, su ce wannan gundumar tana da kyau, waccan ba ta da kyau. Yaro kuwa ba gunduma yake zuwa da safe ba, makaranta ɗaya yake shiga, kuma tazarar da ke tsakanin sakandare biyu a gunduma ɗaya takan fi wadda ke tsakanin gundumomi biyu. Wanda ke son ya san gaskiyar makaranta sai ya sauko daga matsakaicin, ya ɗora alƙaluman nan uku kusa da juna, domin kowanne cikinsu, in aka karanta shi shi kaɗai, yana iya ruɗar mutum.

Daga ina kuɗin ke fitowa

Kuɗin makarantun gwamnati kashi uku ne. Jiha da ƙaramar hukuma kowace tana kawo kusan kashi 45 cikin ɗari, gwamnatin tarayya kuma a shekarun da babu wani tallafin gaggawa ba ta cika wuce kashi 10 ba. Kason ƙaramar hukuma mafi yawansa daga harajin gidaje da filaye da gine-ginen kasuwanci yake fitowa, kuma nan ne tushen bambancin.

A ɗauki gundumomi biyu. A ta farko, in aka raba darajar dukiyar da ake biya wa haraji da yawan ɗalibai, kowane ɗalibi zai tashi da dala 800,000. A ta biyu dala 200,000. Dukansu suka sa harajin dala 10 a kan kowace dala dubu. Ta farko za ta tara dala 8,000 a kan kowane ɗalibi, ta biyu dala 2,000. Kafin ta biyu ta kamo ta farko sai ta ninka harajinta sau huɗu, a kan mutanen da su ne ma suka fi ƙarancin abin hannu.

Wannan ba lissafin takarda ba ne kawai. Shi ne ainihin abin da aka kai gaban Kotun Ƙolin Amurka a shari'ar San Antonio da Rodriguez. Gundumar Edgewood a Texas, wadda yawancin mazaunanta 'yan asalin Meziko ne, tana karɓar harajin dala 1.05 a kan kowace dala ɗari, amma abin da take tarawa dala 26 ne kacal a kan kowane ɗalibi. Maƙwabciyarta Alamo Heights, da harajin santi 85, tana tara dala 333. Bayan an haɗa da kuɗin jiha da na tarayya, Edgewood ta tashi da dala 356, Alamo Heights da 594. A 1973 kotun ta yanke hukunci, alƙalai biyar a kan huɗu, cewa tsarin mulkin tarayya bai sa ilimi cikin haƙƙoƙin da ya tabbatar ba, don haka wannan bambanci bai saɓa masa ba. Tun daga nan rigimar ta koma kotunan jihohi, tunda tsarin mulkin kowace jiha ya yi maganar ilimi. Kalifoniya ta riga ta fara da shari'ar Serrano a 1971. Kentucky ta sake tsarinta gaba ɗaya bayan hukuncin Rose na 1989. A New Jersey jerin hukunce-hukuncen Abbott sun tilasta wa jiha ta zuba kuɗi a gundumomin birane matalauta, waɗanda suka kai 31. Texas kuwa tun 1993 tana karɓar wani kaso daga gundumomi masu arziƙi ta mayar cikin asusun jiha.

Abin da yawancin jihohi ke yi yanzu shi ne su yanke wani adadi su ce kowane ɗalibi sai ya samu aƙalla wannan. A misalinmu, in jiha ta yanke dala 9,000, sai ta cika wa gunduma ta farko dala 1,000, ta biyu kuma dala 7,000. Matsalar ita ce a jihohi da dama ba a hana gunduma mai arziƙi ta ƙara haraji a kan hakan in mutanenta suka amince a ƙuri'a ba, kuma ƙaramin ƙari a wurinta kuɗi ne mai yawa. Haka nan ginin sabuwar makaranta, ɗakin gwaje-gwajen kimiyya, gyaran rufi da na'urar ɗumama aji, galibi da bashin da gunduma ke ci ake yin su, bashin kuma sai masu zaɓe sun yarda, kuma da harajin gidajensu ake biyansa. Shi ya sa za ka ga gundumomi biyu kuɗin koyarwarsu ya yi kusa, amma gine-ginensu ba su haɗa hanya ba.

Tsakanin jihohi ma tazarar babba ce. A alƙaluman 2022, matsakaicin ƙasa ya ɗan haura dala 15,000 a kan kowane ɗalibi a shekara. New York ta kusa dala 30,000, Utah da Idaho ba su kai 10,000 ba. Sai dai kada a kwatanta su kai tsaye, domin albashin malami da tsadar rayuwa sun bambanta ƙwarai.

Kalifoniya ta cancanci a ɗan tsaya a kanta. Tun 1978, lokacin da masu zaɓe suka taƙaita harajin gidaje a kashi ɗaya cikin ɗari na darajarsu, nauyin makarantu ya koma kan jiha. A 2013 jihar ta kawo sabon tsarin rabo: kowane ɗalibi yana da kuɗin tushe, na babbar sakandare ya fi na firamare; ga ɗan gidan masu ƙaramin ƙarfi, ko mai koyon Turanci, ko wanda ke hannun riƙon hukuma, ana ƙara kashi 20; in irin waɗannan yaran sun wuce kashi 55 na ɗaliban gunduma, ana ƙara wani kaso mai kauri a kan waɗanda suka haura layin, da farko kashi 50, daga 2021 kashi 65. Tsari ne mai ma'ana. Amma lura da kalmar gunduma. Da ɗaliban gunduma ake lissafin, kuma asusun gunduma kuɗin ke shiga. Sakandaren da kashi 80 na ɗalibanta matalauta ne, in ta faɗo cikin gundumar da jimillarta kashi 40 ce, ba ta jawo wannan ƙarin na biyu ko sisi. Ko inda aka samu ƙarin ma, sai an bi diddigi kafin a san ko ya isa makarantar da yaranta suka jawo shi.

Abin da ke faruwa bayan kuɗi sun shiga gunduma

Nan ne wurin da aka fi yin sakaci, kuma a ganina ya fi ko'ina muhimmanci. Kimanin kashi 80 na kuɗin da gunduma ke kashewa a harkar yau da kullum albashi ne da haƙƙoƙin ma'aikata, wato inshorar lafiya da fansho. Gundumomi da yawa ba kuɗi suke raba wa makarantu ba, guraben ma'aikata suke rabawa: malami ɗaya ga ɗalibai kaza, mai ba da shawara ɗaya ga kaza. A takardar kasafi kuma sai a rubuta kowane gurbi da matsakaicin albashin gunduma. Alhali albashin malami yana tashi ne da shekarun aiki da yawan digiri, kuma tsofaffin malamai su ne ke da damar neman a sauya musu wuri zuwa makarantar da suke so. A hankali sai gogaggun su taru a makarantun unguwannin masu hali, sababbin shiga kuma a tura su inda aikin ya fi wuya, inda da yawansu ba sa daɗewa.

Ga yadda abin yake a lissafi. Sakandare biyu, kowace da ɗalibai 1,200 da malamai 60. A ɗaya ainihin matsakaicin albashi dala 85,000 ne, a ɗayar 62,000. Bambancin dala 23,000 sau 60 ya zama dala miliyan 1.38 a shekara, wato dala 1,150 a kan kowane ɗalibi. A takardar kasafi kuwa makarantun biyu daidai suke, ba ƙari ba ragi. Dokar tarayya da ke neman gunduma ta nuna ta daidaita makarantunta kafin ta karɓi tallafin Title I, wato kuɗin tarayya na makarantun matalauta, ita kanta ta yarda a cire bambancin albashin da shekarun aiki suka haifar daga lissafin. Sai a 2015, da dokar ilimi ta tarayya da ake kira ESSA, aka wajabta wa jihohi su wallafa kuɗin da aka kashe a kan kowane ɗalibi makaranta-makaranta, da ainihin albashin da aka biya. Wannan adadi yana cikin katin rahoton kowace makaranta a shafin ma'aikatar ilimin jiha, kuma shi ya kamata a fara nema.

In ka same shi, kada ka yi saurin yanke hukunci. Da farko raba shi biyu: abin da aka kashe a cikin makarantar kanta, da kasonta na kuɗin hedikwata, irin su motocin ɗalibai da ofisoshi, wanda sau da yawa raba shi kawai ake yi daidai wa daida. Na farkon ne ke nuna bambanci. Sannan ka duba ko makarantar ce ke ɗauke da sashen yara masu buƙata ta musamman na gunduma baki ɗaya. Aji ɗaya na yara takwas masu naƙasa mai tsanani, da malami da mataimaka biyu ko uku, yana iya ɗaga matsakaicin makaranta har ta zama kamar ita ce 'yar gata, alhali ɗalibin ajin lissafi bai ga ƙarin komai ba. Ƙaramar makaranta ma kullum takan fito da tsada, tunda shugaban makaranta ɗaya da gini ɗaya ake raba wa yara kaɗan. Akwai kuma kuɗin da ba ya shiga wannan lissafi a wurare da yawa: abin da ƙungiyar iyaye da gidauniyoyin tsofaffin ɗalibai ke tarawa. A unguwar masu hali wannan kuɗi yakan biya kocin wasanni, kayan kiɗa, tafiye-tafiye, wani lokaci har ƙarin ma'aikaci.

Tallafin Title I, wanda ya samo asali daga dokar ilimi ta 1965, don makarantun matalauta aka yi shi, amma manyan sakandare ba su cika samun rabonsu ba. Doka ta ce dole gunduma ta fara da duk makarantar da talaucinta ya wuce kashi 75. Bayan nan tana da 'yancin ta zaɓi matakin da za ta fifita, yawanci kuma firamare ake zaɓa. ESSA ta ba da dama a sauko da layin zuwa kashi 50 ga manyan sakandare, sai dai zaɓi ne, ba tilas ba. A ɓangaren masu buƙata ta musamman, dokar 1975 ta ba tarayya damar ɗaukar har kashi 40 na ƙarin kuɗin, amma abin da take biya yau bai kai kashi 15 ba. Ragowar daga aljihun gunduma yake fita, tunda hidimar wajibi ce ko an samu kuɗin ko ba a samu ba.

Wani abin lura: tallafin annobar korona, kimanin dala biliyan 190, ya kumbura alƙaluman 2021 zuwa 2024, kuma wa'adin kason ƙarshe ya cika a Satumbar 2024. Duk wanda ya kwatanta waɗannan shekaru da na bayansu zai ga kamar an zaftare kasafi, alhali kuɗin wucin gadi ne ya ƙare.

Su wane ne ɗaliban

Ma'aunin talauci da aka fi amfani da shi shi ne yawan yaran da suka cancanci abincin rana kyauta ko a farashi mai rahusa. Kyauta ga gidan da kuɗin shigarsa bai wuce kashi 130 na layin talaucin tarayya ba, rahusa har zuwa kashi 185. Ma'aunin yana da rauni, musamman a sakandare. Sai iyaye sun cike fom, matasa kuma da yawa ba sa mayar da shi, wasu don kunya, wasu don ba sa cin abincin makaranta. Saboda haka sakandare takan fito kamar ta fi firamarorin da ke turo mata ɗalibai wadata, alhali yaran gidaje ɗaya ne. Hanya mai sauƙi ta gane hakan ita ce ka duba adadin ƙananan makarantun da ɗalibanta ke fitowa daga ciki. Ƙari a kan haka, dokar 2010 ta ba makarantun da talauci ya yi wa yawa damar ciyar da kowa kyauta ba tare da fom ba. Wasu jihohi sai suka riƙa rubuta irin waɗannan makarantu da kashi ɗari, wasu suka koma ƙirga waɗanda sunansu ke cikin rajistar tallafin abinci na gwamnati kaɗai, wanda ke ba da adadi ƙasa da na da. In ka ga talaucin makaranta ya yi tsalle ko ya faɗi da maki 20 a shekara guda, kusan kullum ma'aunin ne aka sauya, ba unguwar ba.

Rukunin masu koyon Turanci kuma yana da wani abu da ke rikita mutane. Da zarar yaro ya ci jarrabawar ƙwarewa a harshen, sai a fitar da shi daga rukunin. Kenan waɗanda suka yi nasara su ne ke fita, sababbin zuwa ke maye gurbinsu, sakamakon rukunin kuma ya ci gaba da zama ƙasa ko da makarantar tana aiki tuƙuru. Abin dubawa shi ne kashi nawa ake fitarwa a shekara, da kuma yadda waɗanda suka fita ke yi daga baya. Sakandaren da ke karɓar yaron da ya iso ƙasar yana ɗan shekara 16, ba Turanci, wataƙila ma karatunsa ya taɓa yankewa, doka ta ɗora mata karɓarsa da koyar da shi harshen, bisa hukuncin Lau na 1974 da na Plyler na 1982, kuma za a lissafa shi cikin waɗanda ake sa ran su kammala a kan lokaci.

Rukunan launin fata ma faffaɗa ne. Ɗan baƙin haure daga Afirka ta Yamma da yaron da kakanninsa suka yi ƙarni uku a Amurka duk ƙarƙashin Baƙar fata ake sa su. Rukunin 'yan Asiya ya haɗa ɗan injiniya da ɗan gudun hijira. Ba a fahimtar makaranta da waɗannan sunaye kaɗai.

Tsarin ɗaliban kowace sakandare kuwa ba haka kawai ya faɗo ba. Layin da gunduma ta ja a taswira shi ke cewa wannan titi makaranta kaza zai je, farashin gidaje kuma yana bin layin. Hukuncin Brown na 1954 ya haramta dokokin raba makarantu bisa launin fata, amma na Milliken a 1974, kan birnin Detroit, ya taƙaita haɗa birni da gundumomin kewayensa don gyara rabuwar, na 2007 kan Seattle da Louisville kuma ya taƙaita amfani da launin fata wajen raba ɗalibai. Sai makarantun da ake shiga da jarrabawa. A New York, a 2019, cikin gurabe 895 da sakandaren Stuyvesant ta bayar, bakwai ne suka je ga ɗalibai baƙar fata. Irin wannan makaranta tana kwashe zaƙaƙuran yara daga ko'ina cikin gunduma, sakamakonta ya yi sama, na makarantun unguwa ya yi ƙasa, ba tare da an nuna wa ya fi iya koyarwa ba.

Sakamakon karatu

Adadin da aka fi yayatawa shi ne na waɗanda suka kammala cikin shekara huɗu. A shekarar karatu ta 2010 zuwa 2011 aka fara bin hanya ɗaya, wadda yanzu duk jihohi suke bi. A ɗauki yaran da suka shiga aji 9 a karon farko, a ƙara waɗanda suka shigo daga baya, a cire waɗanda suka koma wata makaranta, ko suka bar ƙasar, ko suka rasu, sannan a ga nawa suka karɓi cikakkiyar takardar kammalawa. Takardar GED, wadda ake samu ta hanyar jarrabawa a madadin kammala sakandare, ba ta shiga. Misali: 400 suka fara, 30 suka shigo, 50 suka fita da shaida, saura 380. In 323 suka kammala, kashi 85 kenan. To a ce yara 20 da suka daina zuwa an rubuta su a matsayin waɗanda suka koma wani wuri. Yanzu 323 ne cikin 360, kusan kashi 90, ba tare da yaro ɗaya ya ƙaru ba. Shi ya sa lambar dalilin fita ke da muhimmanci, kuma shi ya sa ya kamata a tambayi yara nawa aka mayar makarantun gunduma na waɗanda suka kasa a makarantar da aka saba ana dab da ƙarshe. A ƙasa baki ɗaya adadin ya tashi daga kashi 79 zuwa kusan 87 cikin shekara goma sha ɗaya. Wani ɓangare ci gaba ne na gaske. Wani ɓangare kuma daga kwasa-kwasan cike giɓi ne na kwamfuta, inda yaron da ya faɗi darasin zango guda ke maye shi cikin 'yan kwanaki.

Abin da ya faru a birnin Washington ya nuna inda matsin lamba ke kai mutane. A 2017 an yi ta yabon sakandaren Ballou saboda duk ɗaliban ajin ƙarshe sun samu gurbin kwaleji. Binciken gidajen rediyon WAMU da NPR ya gano cewa rabin waɗanda suka kammala sun yi fashin fiye da wata uku ba tare da uzuri ba. Binciken da hukuma ta sa aka yi daga baya ya nuna cewa 937 cikin 2,758 da suka kammala a gundumar a shekarar an yaye su ne saɓanin ƙa'ida. Abin takaicin shi ne yaran ne suka tafi da takardar da ba ta da karatu a bayanta. Doka tana sa duk sakandaren da kashi ɗaya cikin uku ko fiye na ɗalibanta ba sa kammalawa cikin jerin masu buƙatar gyara na musamman, don haka makarantar da ke shawagi kusa da kashi 67 ta fi kowa shiga jaraba.

Jarrabawar jiha ana yin ta aƙalla sau ɗaya a sakandare, a karatu da lissafi da kimiyya. Kowace jiha ita ke yanke makin da take kira ƙwarewa, don haka kashi 60 a wannan jiha ba shi ne kashi 60 a waccan ba. A cikin gunduma ɗaya kuma, yawan waɗanda suka ƙware ya fi nuna irin yaran da suka shigo ƙofa fiye da aikin da aka yi a kansu. Inda jiha ke wallafa ma'aunin ci gaba, wato yadda yaro ya matsa idan aka kwatanta shi da waɗanda suka fara daga mataki ɗaya da shi, wannan ya fi gaya maka aikin malamai.

Jarrabawar neman shiga jami'a ta SAT, mai maki 400 zuwa 1600, da ta ACT, mai maki 1 zuwa 36, matsakaicinsu ba ya da ma'ana sai ka san kashi nawa suka zauna. Inda aka wajabta wa kowa, matsakaici zai sauka. Inda masu niyyar jami'a kaɗai suka zauna, zai tashi. Haka jarrabawar AP, ta darussan matakin kwaleji da ake yi a sakandare, wadda ake ba maki 1 zuwa 5, ana ɗaukar 3 a matsayin ci. Makaranta mai 'yan ajin ƙarshe 300 ta zaɓi 40 suka zauna, 36 suka ci, ta buga kashi 90 a allo. Wata mai 300 ta bar 150 suka zauna, 75 suka ci, kashi 50. Amma in aka raba da dukan ajin, ta farko kashi 12 ce, ta biyu kashi 25. Ta biyun ce ta kai yara da yawa ga karatun matakin kwaleji. A kuma yi hattara da ƙananan rukunai: in yara 20 ne, ɗaya kaɗai kashi biyar ne cikin ɗari, don haka sai an haɗa shekara uku kafin a ce wani abu.

Akwai ma'aunai biyu da suka fi wuyar yi wa kwaskwarima, kuma suna nuna matsala tun da sauran lokaci. Na farko fashi mai yawa, wato rasa kashi 10 na kwanakin makaranta ko da uzuri ko babu, kimanin kwana 18 cikin 180. A ƙasa baki ɗaya ya tashi daga kusan kashi 15 kafin korona zuwa kusan 28 a shekarar 2021 zuwa 2022. Kada a ruɗe shi da matsakaicin halarta na kullum: makaranta na iya nuna kashi 92 alhali yara da yawa cikinta suna fashin wata guda. Na biyu shi ne wanda masu bincike na Jami'ar Chicago suka fito da shi: ɗan aji 9 da ya ci aƙalla kwas biyar na cikakkiyar shekara, bai kuma faɗi fiye da zango ɗaya a manyan darussa ba, yana kan hanyar kammalawa. Sun gano cewa wannan ya fi makin jarrabawar aji 8 nuna wanda zai kammala, makarantun Chicago kuma suka mayar da shi abin bibiya. Bayan waɗannan, a duba jadawalin darussa: akwai fiziks, akwai babban lissafi, aji nawa, kuma malamin yana da lasisin darasin? Mai ba da shawara ɗaya yara nawa ke kansa, tunda ƙungiyar masu wannan sana'a 250 take ba da shawara? Waɗanda suka shiga kwaleji, nawa suka koma shekara ta biyu?

Ko kuɗi na sauya sakamako? An daɗe ana wannan muhawara. Rahoton Coleman na 1966 ya nuna cewa yanayin gida ya fi kayan makaranta tasiri, kuma Kansas City, inda kotu ta sa aka kashe kimanin dala biliyan biyu tun daga 1985, da yawa a kan gine-gine, ba ta ga sauyin da aka zata ba. Amma binciken Jackson da Johnson da Persico na 2016, wanda ya bi yaran da hukuncin kotuna ya ƙara wa gundumominsu kuɗi, ya gano cewa ƙarin kashi 10 na tsawon shekara 12 ya zo da ƙarin albashi na kusan kashi 7 bayan sun girma, tasirin kuma ya fi ƙarfi ga 'ya'yan matalauta. Kuɗin da ya yi aiki shi ne wanda ya je ga albashin malamai, rage cunkoson aji da ƙara kwanakin karatu, kuma ya ɗore.

Abin da ke matsa wa gundumomi da yawa yanzu shi ne raguwar ɗalibai, saboda haihuwa ta ragu, wasu kuma sun koma makarantun cata, wato masu cin gashin kansu da kuɗin gwamnati, ko karatun gida. Jihohi da dama suna ƙirga ɗalibai a wata rana cikin kaka, kuɗi kuma ya bi ƙirgar. Sakandaren da ta rasa yara 60, a dala 10,000 kowanne, ta rasa dala 600,000. Amma yaran sun watsu ne a azuzuwa huɗu da darussa da dama, ba aji ɗaya ba ne da za a rufe, kuɗin wuta da na gini kuma ba su ragu ba. Darussan dole ba sa taɓuwa, don haka almakashi yakan faɗa kan masu ɗalibai kaɗan: fiziks na AP mai yara 11, shekara ta huɗu ta harshen waje, gurbin mai ba da shawara na uku. Iyayen da ke da zaɓi su ga haka su ɗauke 'ya'yansu, ƙirgar baɗi ta ƙara sauka. Yawancin gundumomi shekarar kuɗinsu 1 ga Yuli take farawa, ana yanke waɗannan shawarwari ne a zaman hukumar gunduma na watannin bazara, zaman a buɗe yake ga jama'a, kuma takardar da ta fi amfani a nema kafin a je ita ce jadawalin guraben ma'aikata na kowace makaranta, na bana da na baɗi.